Yadda Gaspar Fagundes Ya Bar Kalifoniya

Shekara ashirin da huɗu na yi ina raba wasiƙu a layin Kelso, a ɗan garinmu da ke manne da San Jose, kuma duk layin babu inda nake ɓata lokaci kamar gida mai lamba goma sha bakwai. Gidan Gaspar Fagundes ke nan. Ba ya barin mutum ya wuce haka kawai. In lokacin ɓaure ne sai ya cusa mini ɓaure a jakar wasiƙu, ina cewa zai ɓata takardun mutane, yana cewa rabinsu ai takardun banza ne. In lokacin sanyi ne, ganyen kabeji ne ko lemun tsami. Ni ina kiransa Mista Fagundes, shi kuma yana kirana Yolanda da ƙarfi tun daga bakin layi, kamar na ɓata an gano ni.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, gwiwoyinsa sun gama lalacewa tun kafin in san shi. Yana da shekara goma sha tara ya baro tsibirinsu na ƙasar Fotugal, inda ubansa ke kiwon shanu shida, ya sauka wajen kawunsa. Ya fara aiki a masana'antar da ke sa 'ya'yan itace a gwangwani, wadda ke ƙarshen layin Kelso ɗin. A can ya haɗu da Lurdes, tana cikin mata masu cire ƙwallon 'ya'yan itacen, suka yi aure. Da aka fara sare gonakin kwarin da garinmu yake ciki ana gina gidaje, masana'antar ta soma rage mutane, sai ya koma aikin rufin gida. Shekara talatin da biyar yana kan tsani. In ka shiga mota da shi ba ka da sakewa, don kowace unguwa aka ratsa sai ya nuna maka rufi ya ce, "Wancan nawa ne. Duba, ko ɗigo bai taɓa yi ba."

Gidan nasa ƙarami ne, ɗaki biyu da falo, ya saye shi lokacin da mai rufin gida da matarsa za su iya sayen gida da albashinsu. 'Yarsu ɗaya, Natalia, a nan aka haife ta.

Abokinsa kuwa shi ne Wendell Pruitt, na gidan da ke kallon nasa, dogo, tsohon mai haɗa wayar lantarki. Tun da suka yi ritaya, kullum da hantsi za ka same su a bakin garejin Gaspar kan kujerun roba, kowa da kofin kofi, suna faɗa. Wendell ɗan jam'iyyar Rifablikan ne na gani-kashe-ni. Gaspar kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago ne, tun da ya sami takardar zama ɗan ƙasa Demokrat yake zaɓa.

"Yolanda, zo ki raba mu," Wendell zai ce. "Kin ga kuɗin man fetur yau? Tambayi wannan ɗan kwaminis ɗin, su suka zaɓo mana su."

"Rabu da kaboyi, Yolanda. Babbar mota ya saya kamar mai dakon shanu, alhali ko kaza ba shi da ita, yanzu yana kuka da mai."

"Wata rana zan tattara in bar muku jihar nan."

"Tun ina da gashi kake faɗar haka."

Ban taɓa ganin sun yarda da juna a kan komai ba, sai sau ɗaya.

Tsohuwar masana'antar ta daɗe a rufe, filin ya zama ciyawa da fasassun kwalabe. Sai ga takarda daga hukumar gari, ni na raba ta gida-gida: wani kamfani na son gina bene mai hawa biyar a wurin, gidajen haya ɗari da ashirin, wasu daga ciki da rangwame don masu ƙaramin ƙarfi. Layin ya ɗauki zafi. Aka ce motoci za su toshe hanya, ba za a sami wurin ajiye mota ba, benen zai tare rana, kuma ba a san irin mutanen da za a kawo ba. Wendell ya buga allunan ƙin amincewa, Gaspar ya bi gida-gida yana kafa su a ciyawar mutane.

Ranar zaman majalisar gari na je, don ni ma ba nisa nake haya ba. Zauren ya cika. Mutane suka yi ta tashi suna karanta takardu, 'yan majalisa suna hamma. Da aka kira Gaspar ya tashi da hularsa a hannu, babu takarda. Ya ce shi a filin nan ya fara cin abincin guminsa a ƙasar nan, a nan ya ga matarsa. Ya ce shi mai rufi ne, ya san bambancin gida da akwati, kuma abin da ake son ginawa akwatuna ne a kan akwatuna. Ya ce shekara talatin da bakwai yana shuka a bayan gidansa, rana tana shigowa ta wancan ɓangaren. Sannan ya ce, "Mu mun yi aiki mun sayi namu. Waɗannan mutanen da za ku kawo, su ma su je su yi aiki su sayi nasu."

Aka yi tafi har shugabar zaman ta buga guduma. An kayar da ginin da ƙuri'a huɗu da uku, kuma kowa ya ce maganar Gaspar ce ta juya mutum na huɗun. Wendell ya rungume shi a bakin ƙofa yana cewa, "Ashe akwai hankali a kan nan!" Na hango Natalia a kujerun baya, ta tashi ta fita kafin a watse. Na ɗauka ta zo mara wa ubanta baya ne, tana sauri saboda 'yarta.

A lokacin Natalia malamar firamare ce a makarantar da ita kanta ta yi. Mijinta Efrain makanikin motocin bas ne, suna da 'ya ɗaya, Ines, daga baya aka haifi ƙanwarta Clara. Suna haya a wani bene kusa da titin jirgi. Bayan shekara biyu aka sayar da benen, sabon mai shi ya ɗora haya yadda albashin Natalia gaba ɗaya ba ya biya. A shekarar ce kuma Lurdes ta rasu, ciwon daji ya ɗauke ta cikin wata biyar. Sai su Natalia suka dawo gidan Gaspar, mutum huɗu a ɗakin da Natalia ta girma.

Gaspar ya ce zai mayar da garejin ɗaki da banɗaki. Aikin wata ɗaya ne a hannunsa. Ya kai zane ofishin ba da izinin gini, aka dawo masa da shi. Ya gyara, aka ce sai injiniya ya sa hannu. Injiniya ya sa hannu, aka ce sai an duba bututun ruwa, sai an duba nisan bango da katangar maƙwabci, kowane dubawa da kuɗinsa. Wata goma sha huɗu ina kawo masa ambulan masu tambarin gari. Na ƙarshe da ya buɗe a gabana, ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihun riga.

"Ka gani ko?" in ji Wendell. "Mutumin da ya rufe rabin kwarin nan ba shi da ikon kafa ƙusa a garejinsa. Ci gaba da zaɓarsu."



Zama ya yi tsami a gidan. Efrain mutum ne mai shiru, amma surukinsa ba ya barin kowa ya riƙe guduma ko cokali yadda ya ga dama. Daga ƙarshe su Natalia suka sami haya a Los Banos, bayan duwatsu. Natalia ba ta bar makarantarta ba, don haka kullum sai ta tuƙa awa biyu zuwa, awa biyu komawa, ta hanyar nan mai lanƙwasa da manyan motoci ke bi. Yaran suna barci take fita, in ta dawo sun ci abinci. Shekara biyu tana haka. Ta rame, idanunta suka faɗa.

Ana cikin haka Wendell ya cika maganarsa. Ya sayar da gidansa ga wasu matasa biyu masu aikin kwamfuta, ya sayi wani a Idaho wanda ya ninka nasa uku, har da fili da rafi, kuma kuɗi suka yi saura. Ranar da zai tafi ya tsaya a tsakiyar layi yana yi wa kowa wa'azi: haraji, dokoki, tantunan marasa gida a ƙarƙashin gada, ɓarayin da ake kamawa da safe a sake su da rana. Ya ce jam'iyya ɗaya ta riƙe jiha ta shaƙe ta. Da ya zo kan Gaspar sai wa'azin ya ƙare. Suka tsaya suna kallon tayar mota.

"Ka duba iskar ta baya kafin ka hau dutse," in ji Gaspar.

"Na duba."

"Ba ka duba ba. Ba ka taɓa duba komai ba."

Ya shiga gareji ya ɗauko ma'auni, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sai da motar ta sha kwana sannan ya miƙa mini hannu in tashe shi.

Da sanyin shekarar Natalia ta yi hatsari. Hazo ne ya rufe hanyar da asuba, ita kuma gyangyaɗi ya ɗauke ta na ɗan lokaci, motar ta goge ƙarfen gefen hanya ta juya ta fuskanci inda ta fito. Babbar motar da ke bayanta ta tsaya saura ƙiris. Ƙashin wuyan hannunta kawai ya karye. Ta ce mini daga baya, abin da ya tsaya mata a rai shi ne, tana zaune cikin motar, tunanin farko da ya zo mata shi ne wa zai riƙe mata aji.

Ranar bikin cocinsu na bazara, Gaspar ya gayyace ni cin abinci a bayan gida, kamar yadda yake yi tun rasuwar Lurdes. Ya yi miyar nama da burodi irin ta tsibirinsu, da ganyen na'a-na'a a sama. Natalia da Efrain ma sun zo, muna zaune ƙarƙashin rumfar inabi, yaran suna wasa da tiyo. Sai Natalia ta ajiye cokali, ta dubi ubanta. Da yarensu take kiransa Pai, uwarta kuma Mãe.

"Pai, za mu tashi. Efrain ya sami aiki a San Antonio. Ni ma wata makaranta ta ɗauke ni. Ƙarshen Yuli za mu tafi."

"San Antonio ta ina?"

"Texas, Pai."

Ya dubi Efrain, Efrain ya dubi kwanonsa.

"Texas," Gaspar ya maimaita. "Wajen kaboyi. Za ku kai mini jikoki inda ake yawo da bindiga a kasuwa."

"Za mu kai su inda za su sami ɗakin kansu, su ga uwarsu da rana."

"Ku ƙara haƙuri shekara ɗaya. Abubuwa za su sauka."

"Me zai sauka?"

Sai ya fara. Abin mamaki, bakin Wendell ne ya dawo a bakinsa. Ya ce 'yan siyasar Sacramento, hedkwatar jihar, ne suka kashe ta, su da dokokinsu da takardunsu. Ya ce da sun bar shi ya gyara garejinsa da duk haka ba ta faru ba. Ya ce shekara arba'in yana ba su ƙuri'a, ga sakayyar da suka yi masa, sun kore masa 'ya. Yana magana yana dukan tebur, kwanuka suna tsalle.

Natalia ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, a hankali, "Maganar gareji gaskiyarka ce, sun wulaƙanta ka. Amma Pai, ka tuna ginin filin masana'anta?"

"Me ya kawo wannan?"

"Gida talatin aka ware a ciki wa malamai da ma'aikatan gari. Sunana na cikin waɗanda suka nema. Ni ce ta tara."

Natalia ta ci gaba.

"Na je zaman nan da takardata a hannu, na rubuta abin da zan faɗa. Sai ka tashi. Ka ce waɗannan mutanen su je su yi aiki su sayi nasu. Aka yi ta tafa maka. Ina da cikin Clara a lokacin, na taso daga aji kai tsaye, ko takalmi ban canza ba."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Mãe ta roƙe ni kada in faɗa. Ta ce ba ka yi farin ciki irin na ranar ba tun da ka bar aiki."

"Ai ban san ke ce ba."

"Na sani. Da ka sani da ba ka faɗa ba. Sai dai su ma sauran ashirin da taran, kowacce da ubanta."

Efrain ya taɓa hannunta. Gaspar ya tashi ya shiga cikin shukokinsa, ya tsaya ya ba mu baya, yana tsinke ganyen da babu abin da ya same su. Ines ta bi kakan nata da tiyo tana cewa, "Vovô, in ba su ruwa?" Ya ce ta ba su. Ni dai na tattara kwanuka na kai kicin, na fita ta ƙofar gaba ban yi sallama ba.

Sun tafi ƙarshen Yuli. Gaspar ne ya ɗaure musu kaya a mota, igiya a kan igiya, har Efrain ya ce sai da wuƙa ya kwance su a can.

Daga nan bakin garejin ya zama kujera ɗaya. Matasan da suka sayi gidan Wendell mutanen kirki ne, amma ba a ganinsu, har abinci a mota ake kawo musu. Gidan maƙwabtansa su Ortega aka sayar, suka tafi Nevada. Matar Lindqvist ta bi ɗanta Arizona. Makarantar Natalia aka haɗe ta da wata saboda yara sun yi kaɗan. Abin da nake kawo wa Gaspar yanzu katunan dillalan gidaje ne, uku, huɗu a rana, kowanne da hoton mutum yana murmushi. Yana tara su yana kunna gawayin gashi da su.

Wendell yana kira duk Lahadi. Da fari alfahari ne zalla: mai da arha, iska mai daɗi, babu mai tambayarka takarda. Bayan shekara ɗaya sai murya ta canza. Wata rana Gaspar ya sa wayar a lasifika don in ji.

"An rubuta mini a jikin mota da ƙusa," in ji Wendell. "Wai in koma inda na fito. Ni! Na je shagon aski na ce musu ni fa irinku ne, jam'iyyarmu ɗaya, gudu na yi daga waɗancan. Sai mai askin ya ce shi bai damu da wa nake zaɓa ba. Ya ce ɗansa ya nemi gidan da na saya, na zo na ɗora kuɗi a kai na ɗauke."

"To ka ɗauke ɗin?"

"Ina na sani? Dillali ya ce akwai wani mai so, na ƙara. Haka ake sayen gida, ɗan kwaminis."

"Haka ake saye," in ji Gaspar, bai yi dariya ba.

Da ya kashe wayar ya tambaye ni, "Yolanda, ke da kike yawo gida-gida, me ke korar mutane? Siyasa ce?"

Na ce masa abin da na sani. A cikin waɗanda suka tashi daga layukan da nake bi, masu cewa siyasa su ne suka fi ɗaga murya, kuma yawancinsu masu gida ne da suka sayar suka tafi da riba. 'Yan haya ba sa wa'azi. Ranar Asabar za ka ga motar kaya, ranar Litinin labule ya canza. In ka tambaye su sai su ce haya, ko su ce nisa, ko su ce yara.

"To wa ya sa hayar ta yi tsada?"

Na ce wannan kuma ya fi ƙarfin mai raba wasiƙa.

Bayan shekara biyu wani kamfani ya sake neman filin masana'antar, wannan karon hawa shida. Aka sake buga alluna. Mutanen layin suka zo wajen Gaspar, tunda an san bakinsa, suka ce ya zo ya sake yi musu irin ta da. Ya ce zai zo.

Ya sa rigar cocinsa. Da aka kira shi ya daɗe kafin ya kai gaban, saboda gwiwa. Ya ce shi ne ya yi magana a nan shekara bakwai da suka wuce, wasu za su tuna. Aka tafa. Ya ce har yanzu a ganinsa akwatuna ne, kuma har yanzu za su tare masa rana. Aka ƙara tafawa. Sai ya ce 'yarsa tana cikin waɗanda za su zauna a wancan na farkon, shi bai sani ba, yanzu tana Texas da jikokinsa, shi kuma yana da rana da kabeji da babu mai ci. Ya ce a gina.

Zauren ya ɓarke. Wani ya ce tsufa ne. Wata mata da ya rufe wa gida kyauta bayan mutuwar mijinta ta ce nawa kamfanin ya ba shi. Wasu samari masu goyon bayan ginin suka tafa masa daga baya, bai ko waiwaye su ba. An amince da ginin, biyar da biyu, amma ba don shi ba, dokar jiha ce ta canza ta ɗaure wa majalisar hannu. Kafin wata biyu ƙungiyar unguwa ta kai ƙara kotu, komai ya tsaya.

Rabin layin suka daina gaishe shi. Ɓauren shekarar ya zube a ƙasa, tsuntsaye suka ci.

Da kaka ya sami shanyewar ɓarin jiki. Ni na same shi, da rana tsaka, a kwance tsakanin kunyoyin wake, don na ga wasiƙun jiya ba a ɗauka ba na zagaya baya. Ya rayu, magana ta dawo, amma hannun hagu da ƙafar ba su dawo duka ba. Natalia ta zo ta yi mako uku. Ta nemi mai kula da shi a gida, ta nemi gidan tsofaffi kusa, abin da aka faɗa mata a wata ɗaya ya fi fanshonsa na wata uku. Ta zauna a bakin gadonsa ta ce, "Pai, a gidanmu na Texas akwai ɗaki a ƙasa, ba hawa. Tagarsa tana kallon bayan gida."

Ya ce, "Uwarki fa?"

"Mãe ba ta cikin gidan nan, Pai."

Kwana huɗu bai yi mata magana ba. A na biyar ya ce ta kira ɗaya daga cikin dillalan nan masu murmushi.

Gidan bai kwana tara a kasuwa ba. Mutum goma sha ɗaya suka nema. Akwai wasu ma'aurata, matar ma'aikaciyar jinya ce, da suka rubuto masa wasiƙa da hoton ɗansu, suka ce za su kula da itacen ɓauren. Gaspar ya ce su yake so. Amma wani ya ba da abin da ya fi nasu nesa ba kusa ba, kuɗi a hannu, kuma likita ya riga ya gaya wa Natalia irin jinyar da ke gaba. Suka yi ta jayayya a kicin ina jiyo su daga bakin ƙofa. Daga ƙarshe ya sa hannu wa mai kuɗin. Ya ce in mayar wa ma'auratan hoton ɗansu, ya sa a ambulan da kansa, da hannu ɗaya, bai rubuta komai a ciki ba.

Wanda ya saya bai taɓa kwana a gidan ba. Ya rushe shi, yana gina wani babba da ya cinye har bayan gidan.

Ni ma na yi ritaya bara. Ina nan dai a ɗakin da nake haya, ƙanwata tana ta kirana daga New Mexico, ban ce mata e ba, ban ce a'a ba.

Gaspar yana kirana daga Texas wani lokaci, da rana, in gidan ya yi masa shiru. Maganarsa tana ɗan ja. Ya ce zafin can ba na mutane ba ne, kuma rufin gidan Natalia aikin ɓarayi ne, ba zai kai shekara goma ba. Ya ce Efrain yana kai shi wani coci inda babu mai jin yarensu. A kiran da ya yi mini na ƙarshe ya ce maƙwabcinsu, wani tsohon soja, ya shigo gaishe shi, da ya ji daga inda ya fito sai ya washe baki ya ce, "Ka tsere wa mahaukatan nan ke nan, barka da zuwa ƙasar 'yanci. Amma fa kada ka zo mana da irin zaɓenku."

"Me ka ce masa?" na tambaya.

"Na ce masa ya zauna in ba shi labari. Ya zauna. Na fara tun daga masana'anta. Ban kai rabi ba ya ce yana da abu a wuta."

 Sai ya ce Clara na da wasan ƙwallo ƙarfe huɗu, kuma sa takalmi yanzu yana cin masa kusan minti ashirin, ba ya so a taimake shi. Na ce to ya je ya fara. Ya ce in gaida duk wanda ya rage a layin da zai amsa, ya ajiye wayar.